Kyamarar da Ba Ta Kwana a Kunne

A wani sito na hatsi a bayan garin Kano akwai kyamarori biyar, dukansu a jone da suwic guda mai ƙofa takwas da ke ofis. Huɗu ba su taɓa ba kowa wahala ba. Ta biyar, babbar da ke juyawa a saman ƙofar shigar manyan motoci, ita ce duk yini hotonta tangaram, amma da an yi kiran sallar magariba sai ta ɗauke, ba za a sake ganinta ba sai gari ya waye.

Kafin in iso, mai siton ya riga ya yanke hukunci. "Injiniya," in ji shi, "kyamarar da ke mutuwa da dare kaɗai, ai hannu ne." Maigadi yake nufi, dattijon da ya daɗe yana yi masa aiki. Na roƙe shi ya dakata tukuna, don zargin sata ba abin da ake ɗora wa mutum a kan hasashe ba ne.

Wuta na fara dubawa, domin da yamma ake sauyawa zuwa inbata. Sai dai kyamarar ba ta da wata wayar wuta tata. Ta cikin kebul ɗin Ethernet take shan wuta daga suwic, tsarin da ake kira PoE, kuma da wutar ofis ce ke yankewa da sauran huɗun ma sun mutu tare. Na mayar da kanta wata ƙofar, da magariba ta sake ɗaukewa. Na lissafa abin da suwic ɗin zai iya bayarwa gaba ɗaya, wat 120 aka rubuta a bayansa, kyamarorin biyar ko kusa da haka ba sa ci. Kowace ƙofa kuma tana bin ƙa'idar 802.3at ta 2009, wadda ke fitar da wat 30 don wat 25.5 ya isa ga na'ura. Tsohuwar ƙa'idar 802.3af ta 2003 wat 15.4 kawai take bayarwa, da ita ce da an huta da bincike, amma ba ita ba ce.

Wanda ake zargin ne ya buɗe mana hanya. Ina tsugune gaban suwic ya matso ya ce, "Yallaɓai, ranar da hadari ya haɗu, tun la'asar ta mutu." Ashe ba agogo take bi ba, duhu take bi.

Washegari da rana tsaka muka kafa tsani, na cire hulata na kifa a fuskar kyamarar. Na ji ɗan ƙas a cikinta, ƙarar da take yi idan ta koma yanayin dare, fitilunta na infared suka yi jaja-jaja ta ƙasan hular. Yaron da ke ofis ya ƙwala kira cewa hoto ya tafi. Da na sauko na tarar fitilar PoE ta ƙofarta tana wani abu mai tsari: ta kama, ta jima kaɗan, ta mutu, ta sake kamawa. Wato kyamarar tana tashi, ta ga duhu, ta kunna fitilu, suwic ya yanke mata wuta, ta sake farawa. Haka take kwana. Alhaji mai siton yana tsaye ya ga wannan da idonsa, maigadi kuwa yana can bakin rijiya yana alwala.

Saura a gano ko kyamarar ce ta lalace take zuƙar wuta fiye da ƙima. Muka kwance ta muka kawo ofis, na jona ta da guntun kebul na mita biyu, na sake kifa mata hula. Fitilu suka kama, ta yi ta juyawa hagu da dama, ko gezau. Kyamara lafiya, suwic lafiya. Abin da ke tsakaninsu ya rage.

Nan ne aikin ya ɗan cije. Testar kebul ta nuna fitilu takwas a jere, ɗaya zuwa takwas, babu tsinkewa babu sarƙewa. Na duba kawunan RJ45 a haske, jerin launuka daidai da T568B a ɓangarorin biyu. Tsawo ma bai wuce iyaka ba: ana buga lambar mita a jikin rigar kebul, na ɗebe ta bakin ofis daga ta bakin ƙofa, ya ba ni casa'in da 'yan kai, iyaka kuwa mita 100 ce. A jikin rigar an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro. Duk wanda ya tsaya a nan zai rantse kebul ɗin ƙalau yake. Amma ƙaramar testa abu ɗaya ta sani, wato ko waya ta kai daga nan zuwa can. Ba ta san irin nauyin da wayar za ta iya ɗauka ba.

Sai na ɗauko mitar auna wuta. Na murɗe silili biyu a can bakin ƙofa, na auna turjiyarsu daga ofis na raba biyu. Sili guda na jan ƙarfe mai kaurin 24 AWG bai kamata ya kai om 10 a mita 100 ba. Wannan ya kusa ninka haka. Na yanko ɗan guntu, na fere robar, na kankare silin da bakin wuƙa. Jan ya tafi kamar an goge lalle, fari fat ya bayyana a ƙasa. Na lanƙwasa shi gaba da baya kaɗan, ya karye. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, wanda 'yan kasuwa ke kira CCA, ga shi kuma ya fi sirantaka a kan yadda ya kamata.

Alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke wucewa da ita. Da rana kyamarar kaɗan take ci, asarar hanya ba ta dame ta ba. Da fitilu sun kama sai buƙatarta ta haura wat 20, ƙarfin wutar ya zube a doguwar hanya, ita kuma don ta cike giɓin sai ta ƙara ja. Ƙarin jan yana ƙara zubewar, har ta tsallake miliamf 600 da ƙa'ida ta yarda da shi, suwic ya ɗauka matsala ce ya rufe ƙofar don kare kansa. Sauran kyamarorin da irin wannan kebul ɗin aka ja musu, gajartar hanya da ƙarancin cinsu ne suka rufa musu asiri.

Abin da ke ɓata mini rai da CCA shi ne ba ya nuna halinsa ranar da aka ja shi. Ƙa'idar TIA-568 ba ta amince da shi a matsayin Cat5e ko Cat6 ba, ko me aka buga a kwalinsa, amma mai saye arha yake gani. Kwalin mita 305 na jan ƙarfe zalla yana da nauyi a hannu, na CCA kuwa sakayau. Wanda ya ja na siton mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa.

Muka sayo sabon kwali, na kankare bakinsa tun a shago na ga ja har ciki. Muka ja shi cikin bututu, nesa da wayoyin lantarki, muka matse sababbin kawuna, muka rubuta lambar ƙofa a kowane ƙarshe. Gwajin hula ya wuce lafiya, daren ma haka. Alhaji ya ce a canja na sauran huɗun kafin damina ta yi nisa, sannan ya taka har ɗakin gadi ya ce, "Baba, ka yafe mini."