Masu Sayen Maganin Caina a Wuse, Ku Ji Tausayin Ƙodarku

Jama'ar Wuse, da ku masu shigowa cin kasuwa daga Kubwa da Nyanya da Suleja, akwai wata sana'a da ke bunƙasa a gabanmu, kuma ina tsoron inda za ta kai mu. Wani zai tare ka da 'yar jaka, ya buɗe kwamfuta, ya miƙa maka wani ɗan ƙarfe ka damƙe a tafin hannu. Kafin ka gyara zama, allo ya cika da zane ja da kore. Sai ya ce: "Alhaji, hantarka ta gaji, jininka ya yi datti, ƙodarka ma ta fara." Daga nan ya zaro kwalaye masu rubutun Sinanci, kafso da shayi, na wata uku.

Wannan ƙarfe ba ya ganin hanta, ba ya ganin ƙoda. Gwajin ƙoda jini ake ɗiba da fitsari a kai ɗakin gwaji. Na'urar ta tsoratarwa ce, kwalayen su ne cinikin.

Ba raina ilimin mutanen Sin nake yi ba. Maganin zazzabin cizon sauro da ke ceton 'ya'yanmu a yau daga ganyen tazargade ya fito, wanda tsoffin littattafan likitancinsu suka ambata. Wata masaniya, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka tace sinadarin a farkon shekarun 1970, aka gwada, aka auna, aka san adadin da yaro zai sha da wanda babba zai sha, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da ke cikin jakar mai talla bai bi wannan hanya ba.

Ku ji abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990. Wani asibitin rage ƙiba a birnin Brussels ya riƙa ba mata haɗin da ke da saiwoyin Sin. A wajen kawo kaya aka musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, ita kuwa tana ɗauke da gubar aristolokik. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe. Da aka yi wa 39 daga cikinsu tiyata, an tarar da sankarar hanyar fitsari a jikin 18. Wannan a Turai ke nan, a hannun likitoci. Ita kanta gwamnatin Sin ta hana amfani da ɗaya daga cikin irin waɗannan saiwoyi a 2003. To wa ya duba abin da ke cikin kwalin da ya shigo mana a jakar matafiyi, wanda mai sayarwa ma bai iya karanta rubutunsa ba?

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙoda ba ta kuka da wuri. Mutum zai sha wata da watanni yana jin daidai, har yana tallata wa maƙwabta. Ranar da ƙafa ta kumbura, fuska ta yi suntum da safe, fitsari ya riƙa kumfa, aski ya riga ya zo gaban goshi.

Akwai kuma ha'inci. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama kayan da aka rubuta wa "ganye zalla" alhali an cusa musu maganin asibiti a ɓoye. A shayin rage tumbi ana samun sibutramine, wanda aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A na ƙarfin maza ana samun sinadarin Viagra, wanda idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya jini kan faɗi warwas. A na sanyin ƙashi ana samun sitiroyid: gwiwa ta yi sauƙi cikin kwana biyu, Hajiya ta yi ta sa albarka, suga kuwa yana hawa.

Mafi muni, sai a ce wa mai hawan jini ko mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti, wai sinadarin Bature ne. Baba, Inna, don girman Allah kada ku ajiye. Duk wanda ya faɗa muku haka ba shi zai kwana da ku a asibiti ba.

Masu tsira allurai a jiki da masu kafa kofuna kuwa, aikinsu ba baƙo ba ne ga wanda ya san ƙahon wanzami, kuma allurar kan rage wa wasu ciwon baya. Amma a ɓare sabuwa a gabanka. Wadda ta shiga jikin wani tana iya ɗauko maka ciwon hanta ko ƙanjamau.

Hedikwatar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, tana nan Wuse Zone 7, ba nisa. Ku duba lambarta a jikin kwali, ku bincika a kundinta na intanet mai suna Greenbook, domin ana buga lambar bogi. Ku kuma sani: lambar maganin gargajiya da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba gubarsa ne kawai, ba a tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaro ƙarami su nisanci waɗannan magunguna gaba ɗaya.

Wanda ya riga ya sha, ya dakata yau. Ya ɗauki kwalin, ko da ya ƙare, ya kai wa likita, ya nemi a yi masa gwajin ƙoda da na hanta, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana sha ba tare da jin kunya ba. Idan kuma akwai irin kwalin nan a ɗakin mahaifiyarka, ka shiga ka duba shi kafin ta sha na dare.