MAI SAYAR MANA DA MAGANIN FESHI SHI MA YANA DA HAKKIN TSARON YARANMU

Da zarar damina ta faɗi a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gidan manomi yakan cika da kwalabe. Akwai maganin ciyawa na masara, akwai na tsutsar auduga, akwai na wake, ga kuma fiya-fiya da ake ajiyewa saboda sauro da kuɗin cizo. Yawancinsu a ƙarƙashin gado suke ko a gindin rumbu, daidai inda hannun yaro mai rarrafe yake kaiwa. Mun saba lissafin buhu nawa maganin nan ya ƙara mana. Yau bari mu duba abin da yake iya ɗauke mana, mu kuma tambayi wane ne ya kamata ya taya mu tsare yara.

GIRMAN ABIN

A shekara ta 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da rahoto cewa yara wajen 830,000 suke mutuwa kowace shekara ta hanyar haɗari, watau fiye da 2,000 a rana ɗaya. Manyan dalilai biyar ne: haɗarin hanya, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa, da shan guba. Duka biyar ɗin muna da su a nan. Ga babur a kan hanyar kasuwa, ga kududdufi da rijiya marar murfi, ga murhu a tsakar gida, ga itacen mangwaro. Iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauye zuwa gari kuwa, yaransu sun tarar da mota da ramin da ba su saba da su ba.

Guba ita ce baƙuwa a cikin biyar ɗin. Kakanninmu ba su ajiye ta a ɗaka ba. Ta yawaita ne tun daga 1975, sa'ad da aikin gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya koya wa manoman wannan yanki taki da feshin auduga. Amfanin ya shigo, amma koyarwar ajiya ba ta bi shi cikin kowane gida ba.

ABIN DA AKA YI A WASU WURARE

A Amurka an kafa ƙungiyar Safe Kids a 1988, kamfanin Johnson & Johnson ne kuwa ya ɗauki nauyinta tun farko. Daga baya ta yi rassa a ƙasashe da yawa. Reshenta na Isra'ila, mai suna Beterem, yana aiki a hamadar Negeb cikin Larabawa 'yan asalin kiwo da ake kira Badawi. Yaransu sun fi na birni mutuwa ta haɗari, gama gidajensu suna nesa da asibiti, wurin wasan yaro kuma shi ne wurin girki da wurin juya mota. Masu aikin suna bi ta wurin uwaye da shugabannin jama'a, da harshen mutanen. Wanda ya san zaman ruga a ƙasarmu zai ga kamannin nan da nan.

Kusa da mu kuma akwai darasi mai ɗaci. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu. Ana kawo dutsen zinariya gida a daka a tsakar gida, yara suna wasa cikin ƙurar. Fiye da yara 400 suka mutu. Likitocin MSF suka yi magani, amma magani ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar. Sai wani kamfanin injiniyoyi na Amurka, TerraGraphics, ya jagoranci kankare ƙasar gidaje da zuba sabuwa, da hannun mutanen garuruwan. Garin Bagega sai a 2013 aka share shi, domin kuɗi sun yi jinkiri. Taimakon ya ceci rayuka, amma ya zo bayan an cika maƙabarta. Mu kada mu jira haka.

BA ROƘO BA NE

Wani zai ce, kamfani ai riba ya zo nema, me ya haɗa shi da ɗana? To, ga amsa. Tun 1985 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara ƙa'ida a kan maganin ƙwari. A cikinta an ɗora wa masu yin maganin da masu rarraba shi nauyin zuba shi a mazubin da yaro ba zai buɗe da sauƙi ba, da rubuta gargaɗi cikin harshen da mai saye yake ji, da koyar da amfani da shi. A ƙasarmu kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwa a 2019, ta kuma haramta maganin ciyawa na parakwat, wanda muka sani da Gramazon, a 2024. Wanda ya tallata maka shi yanzu ya karya doka.

Manomi ɗaya mai sayen kwalba ɗaya ba shi da murya gaban dila. Ƙungiyar gama kai mai sayen katan hamsin tana da ita. Saboda haka kafin ku biya kuɗin kayan bana, ku zauna da wakilin kamfani ku nemi abubuwan nan:

1. Ya zo ya koyar da hannunsa, da Hausa, mata kuma su kasance a wurin, gama su ne suke gida tare da kwalaben. A gayyaci maƙwabtanmu na ruga, domin suna ajiye maganin kaska na shanu, shi ma guba ne.

2. Ya taimaka da akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ɗakin ajiyar ƙungiya, inda kowa zai bar maganinsa maimakon ɗakin kwana.

3. Ya karɓi kwalaben da aka gama da su, kada su koma gidan mai ko na kunu.

4. Ya horar da samari biyu ko uku su zama masu feshin ƙungiya, da rigar feshi da safar hannu da abin rufe hanci, domin a daina aika yaro da famfo a baya.

Haka kuma ɗan kwangilar hanya ko mai haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara. Idan ya gama, a nemi ya cike ramin ko ya kewaye shi kafin ruwa ya taru. Ku bi ta wurin mai unguwa da dagaci, ku rubuta takarda, ku riƙe kofi.

Ku lura da wani abu. Hula da riga masu sunan kamfani talla ce. Ba su taɓa hana yaro shan guba ba. Ku auna taimako da abin da ya rage a gari bayan motar ta tafi.

NAMU RABON

Kada a juye magani ko kananzir a kwalbar lemo. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan cikin famfon feshi, a huda ta. A duba layin launi a gindin takarda: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Idan abin ya faru, kada a ɗura wa yaro manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. Kananzir idan ya dawo da amai yakan shiga huhu, nan ne yake kisa. Alamun maganin ƙwari su ne dalala, gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wuyar numfashi. A tuɓe masa tufafi, a wanke jiki da sabulu, a kwantar da shi a gefe, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar, domin likita ya san abin da zai yi yaƙi da shi.

'Yan'uwa, a taron ƙungiya mai zuwa ku sa wannan magana cikin ajanda. Ku naɗa mace ɗaya da namiji ɗaya su zagaya gidajen membobi su ga inda kwalabe suke kwana. Sakatare ya rubuta buƙatun nan huɗu, ciyaman ya kai wa dila kafin a yi odar kaya. Wanda yake son kuɗinmu zai saurara.