Me ya sa tsalle ke da wuya a kan gilashin waya?

A hutun da ya wuce, wani ƙanena ɗan sakandare daga Kutemeshi, a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, ya miƙo mini littafinsa na lissafi. Na ɗauka aikin gida ne zan duba masa, ashe zanen gem ne a shafukan baya. Gizo ne ke gudu a cikin daji irin na Kamuku, yana tsallake rafi, yana hawa rassa, yana tsintar kanya, kura na biye da shi. A ƙasan zanen ya jera madannai shida: hagu, dama, tsalle, sunkuyo, gudu da jifa. Ya ce, "Yaya, wannan zai yiwu a waya?"

Na ce masa zai yiwu, amma madannan nan shida su ne za su kashe masa gem ɗin. Ga dalili.

Wane irin gem ne wannan?

Abin da yaron ya zana shi ne gem ɗin tsalle-tsalle, wato wanda ɗan wasa ke gudu yana tsallakawa daga dandamali zuwa dandamali, in ya kuskure ya faɗa rami. Wanda ya fi shahara shi ne Super Mario Bros., da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985 ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto. Kamar langa ne: duk wasan ya rataya ne a kan daidaita tsalle da lokaci. An kuma gina shi ne don abin riƙewa mai madannai na gaske, waɗanda yatsa ke jin gefensu, ya ji sun nutse, ya ji sun dawo. Shi ya sa mai bugawa ba ya kallon hannunsa, idonsa na kan talabijin.

Gilashi ba ya jin danni

Fuskar yawancin wayoyin yau, har da Tecno da itel da ke hannun mutanenmu, ba ƙarfin danni take ji ba. A ƙarƙashin gilashin akwai siraran layukan wani sinadari mai ɗaukar lantarki wanda haske ke ratsawa, an shimfiɗa su a tsaye da a kwance kamar saƙar tabarma. A duk inda layi biyu suka gitta akwai ɗan cajin lantarki. Jikin ɗan Adam kuwa yana ɗaukar lantarki saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa. Da yatsa ya kusanto, sai ya sauya cajin wurin. Wata 'yar na'ura a cikin wayar na zagaya layukan sau da dama a kowane sakan, ta gano inda cajin ya sauya, ta ce nan aka taɓa.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Wani injiniya a Ingila, E. A. Johnson, ya yi bayaninta tun 1965, amma sai bayan fitowar iPhone a 2007 ta game duniya. Ita ce kuma dalilin da ya sa tsinken ashana ba ya motsa komai a fuskar waya, amma gumi ko ɗigon ruwan sama ke rikita ta har ta riƙa danna kanta.

To ina matsalar take ga Gizo? Matsaloli uku ne.

Na farko, yatsa makaho ne a kan gilashi. Madannin da aka zana hoto ne kawai, ba shi da gefe. Kana tsakiyar gudu babban yatsanka zai zame kaɗan-kaɗan, ka danna inda kake zaton tsalle ne, ashe fili ka danna. Ka sauke ido ka duba kuwa, kura ta cim maka.

Na biyu, babban yatsa na da faɗi. Google na ba masu haɗa manhajar Android shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kusan milimita 9 a kowane gefe. Jera irin wannan shida a ƙaramar waya, ka ɗora yatsu biyu a kai, ka ga abin da ya rage na daji. Ramin da ake so ka gani yana ƙarƙashin yatsanka.

Na uku, jinkiri. Gem mai santsi na zana hoto 60 a sakan ɗaya, wato kowane hoto kusan kashi 17 cikin dubu na sakan. Kafin taɓawa ta bi ta na'urar gilashi, ta shiga manhajar waya, ta isa gem, a zana sakamakon, hotuna da yawa sun wuce, musamman a waya mai araha. Ƙara da cewa mutum kan ɗauki wajen kwatan sakan kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani ba zato. Sai ka ji yaro na rantsuwa ya danna, gem ɗin ne ya ci amanarsa. Sau da yawa gaskiya ya faɗa.

Yadda masana suka zagaye matsalar

Mafita ta farko ita ce rage madannai. Lokacin da Nintendo ya kawo Mario kan waya a Disambar 2016 da sunan Super Mario Run, bai kwafo madannan da ba. Mario na gudu da kansa, kai dai taɓa ko'ina ya yi tsalle, in ka daɗe kana taɓawa tsallen ya fi tsawo. Fuskar wayar gaba ɗaya ta zama madanni guda, ba yadda za a yi yatsa ya kuskure ta. Temple Run na 2011 da Subway Surfers na 2012 kuma suka yi amfani da shafa: sama tsalle, ƙasa sunkuyo.

Mafita ta biyu ita ce yafiya a ɓoye. Ana rubuta gem ɗin ta yadda in ka danna tsalle bayan ƙafar Gizo ta bar bakin dutse da 'yan hotuna kaɗan, a karɓa maka kamar yana kan dutsen. In kuma ka danna dab da ya sauka, a ajiye dannin a zartar da shi da ya taɓa ƙasa. Gem ɗin Celeste na 2018 ya yi suna da irin waɗannan dabaru. Mai bugawa ba ya ganinsu, shi dai ya ji gem ɗin na bin umarninsa.

Mafarkin masoyi na iya zama sana'a

Kada wani ya ce zanen yaro a bayan littafi wasa ne kawai. Christian Whitehead, ɗan Ostireliya, masoyin gem ɗin Sonic ne da ke haɗa nasa a gida. A 2009 ya nuna tsohon gem ɗin Sonic CD yana aiki a kan iPhone da manhajar da ya rubuta da kansa. Kamfanin Sega ya ɗauke shi aikin, aka fitar da gem ɗin a 2011, daga baya ya jagoranci Sonic Mania na 2017. Amma fa ba kowa ke dacewa haka ba. A 2016 Nintendo ya sa aka sauke AM2R, gem ɗin da wani masoyi ya shafe shekaru yana ginawa a kan Metroid, saboda haƙƙin mallaka. Nan ƙanena ya yi dabara ba tare da ya sani ba: Mario na da mai shi, Gizo kuwa na kowane Bahaushe ne.

Akwai kuma abin da ɗan Birnin Gwari ya fi injiniyan Japan sani. Super Mario Run ba ya buɗewa sai da intanet. A ƙarshen 2021, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, har da Birnin Gwari, irin wannan gem bai da amfani ga kowa a can. Gem ɗin da zai zauna a wayar ɗan Kutemeshi sai ya zama mara nauyi, mai aiki ba data, wanda ba ya shanye cajin da aka biya kuɗi aka yi a shago, wanda kuma za a iya tura wa aboki ta Xender ko Bluetooth.

Kayan aikin ma akwai na kyauta. Pocket Code na ba mutum damar haɗa gem a kan wayar Android kanta ta hanyar jera umarni kamar bulo. Mai kwamfuta kuma zai iya farawa da Scratch, daga nan ya wuce Godot.

Da na gama bayani, yaron ya karɓi littafinsa ya soke madannai biyar. Gizo zai riƙa gudu da kansa, taɓawa tsalle, shafa ƙasa sunkuyo. Jifa ce ya ƙi rabuwa da ita, ya ce ai ba a barin kura haka nan. Na ce ya fara haɗa rami ɗaya da tsalle ɗaya, ya ba abokansa biyar su buga, ya tsaya a bayansu yana kallon yatsunsu. Duk inda ya ga yatsa ya kuskure, nan ne gyaransa na gaba.