Guzurin Alhaji da Canjin Filin Jirgi

Maniyyacin da ya baro Batagarawa, ya tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, yakan sauka Jidda ko Madina a gajiye, ba ko riyal ɗaya a aljihunsa. A nan guzuri ke fara zurarewa. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dalar Amurka: dala ɗaya, riyal 3.75. Ke nan dala 100 riyal 375 ce, ban da ɗan ladan mai canji. A canza kaɗan a filin jirgi, na ruwa da layin waya. Sauran sai an shiga gari an kwatanta farashi. Malaman bita su koyar da wannan lissafi, domin dattijon da ya sayar da gona bai cancanci asara tun daga ƙofa ba.