Hunturu Ya Kama: Mu Kula da Tsofaffinmu

Ga shi Allah Ya sake kawo mu hunturu. An gama girbi, dammunan gero sun shiga rumbu. Daga Daura har Zango, Baure, Sandamu da Mai'adua, hazo ya rufe ko'ina. Kasuwar mai koko da ƙosai ta buɗe, haka ta mai shayi. Da sassafe yara kan kewaye wutar kara a ƙofar gida suna jin ɗumi suna wasa. Su wannan sanyi bai dame su ba. Wanda ke shan wahalarsa shi ne tsohon da ke kwance a cikin ɗaki. Saboda shi muka kawo muku wannan bayani.

Daga ina sanyin yake zuwa?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga hamadar Sahara. Takan fara a watan Nuwamba, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta lafa wajen ƙarshen Fabrairu. Yawancin ƙurar da ke cikinta daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele. Tsakaninsa da Daura ya fi kilomita 1,000. A zamanin da can wurin babban tafki ne, ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar toka. Shi ne muke gani a kan kwanukanmu da gashin idonmu.

Iskar busasshiya ce, ba ta ɗauke da laima. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso. Da dare kuma ƙasa kan saki zafinta da sauri. A watan Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen 12 da asuba, alhali a bazara yakan kai 40 da rana.

Me ya sa tsoho ya fi jin ɗari?

Allah Ya sanya kitse a ƙarƙashin fatar mutum, yana tsare ɗumin jiki kamar bargo. Idan shekaru suka ja, kitsen nan yakan ragu, fata ta yi siriri. Jini ba ya kai wa tafin hannu da ƙafa da sauri kamar da. Ga shi tsoho ba ya cin abinci da yawa, ba ya kuma yawan motsi, alhali abinci da motsi su ke hura wutar jiki.

Sanyi yana matse hanyoyin jini, don haka hawan jini kan ƙaru a wannan lokaci. Ƙura kuma tana tayar da tari da asma. Masu ciwon gwiwa da ƙugu su ma sukan ce ciwon ya fi damunsu da hunturu. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa. Sai ya wuni bai sha ruwa ba, alhali iska tana ta busar da jikinsa.

Ni mai wannan rubutu na haura shekara 40. Ina saurayi da ruwan randa nake wanka da asuba, ko a jikina. Yanzu sai an ɗumama mini, in na tashi daga tabarma kuma sai na dafa gwiwa. Idan ɗan shekara 40 ya fara jin haka, ina ga mai 70 ko 80? Hunturu kan gaya wa mutum shekarunsa ko da bai san ranar haihuwarsa ba.

Ga shi kuma a daidai wannan lokaci ne matasa ke tafiya ci-rani Kano, Abuja ko Legas. Wasu suna bakin dam wajen noman rani. Gida ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi. Neman halal abu ne mai kyau. Amma kafin ka ɗauki jaka, ka tambayi kanka: wa zai samo wa Baba itace? Wa zai ɗora wa Inna ruwan zafi?

Abubuwan da ya kamata mu yi

1. A toshe kafofin da iska ke shiga ɗakin tsoho. A gyara danga da zana ta ɓangaren gabas da arewa.

2. Kada ya kwanta a kan siminti ko ƙasa da tabarma kaɗai. A shimfiɗa katifa, ko buhu da tsumma a ƙarƙashi, a ba shi gwado ko bargo.

3. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. A haɗa da hular sanyi da safa. Ana samun na gwanjo da sauƙi a kasuwar Daura da ta Mai'adua.

4. A ba shi abu mai ɗumi da sassafe, kamar koko, kunun tsamiya ko kunun gyaɗa. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba.

5. A shafa masa man kaɗe ko basilin bayan wanka, musamman a dunduniya. Mai ciwon suga ya kula ƙwarai, don faso kan zame masa gyambo.

6. A bar wanka sai hantsi ya dubi ludayi. A ɗumama ruwan alwalar asuba, addini bai hana ba. Wanda ruwa zai cutar da shi ya tambayi malamai hukuncin taimama.

Hattara da kaskon wuta

A nan ne ake asarar rai. Mutane kan kai garwashin gawayi ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Gawayin da ke ci yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri, sannan barci mai nauyi. Wani daga barcin nan ba ya farkawa. A ɗumama ɗaki da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Kada a bar tsoho shi kaɗai da wuta, don gefen mayafi na iya kamawa. Ku tuna danga da rumbu duk sun bushe, ga iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin shekara.

Yaushe za a tafi asibiti?

A garzaya da shi idan yana numfashi sama-sama, ko ƙirjinsa na ciwo tare da zazzaɓi. Haka nan idan ya rikice yana sambatu, ko bakinsa ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya mutu. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce, kada a kwana da ita. Tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada, maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi. Kada mu ce ai tsufa ne kawai, mu zauna. Ciwo da yawa da ake ɗora wa tsufa suna da magani.

Bayan bargo, sai hira

Daren hunturu dogo ne, tsoho kuma barcinsa kaɗan ne. Kaɗaici kan dame shi kamar yadda ɗari ke damunsa. A tura jikoki su zauna da Kaka bayan isha'i. A bakin irin waɗannan tsofaffi muka ji labarin Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu tun ba mu iya karatu ba. Ku da kuka koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ga aikin yi. Ku ɗauki littafi da alƙalami, ku rubuta sunayen kakanninku da tarihin garinku daga bakinsu tun suna raye.

Yaranmu suna kallon yadda muke yi da iyayenmu, kuma haka za su yi da mu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Yau da dare kuma kowa ya leƙa ɗakin tsohonsa ya ga da me ya rufa. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya, amin.