Kaurin katifa ba shi ne barci ba

A Tebaram, kamar sauran ƙasar Adar, zafin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, kuma barci ba ya nauyi sai jiki ya ɗan huce. Nan katifar soso mai taushi take cutar mai ita: mutum ya nutse ciki, iska ba ta ratsawa, gumi ya jiƙa zane. Ta auduga ta fi shan iska. Za a ce tana dunƙulewa, tana ɓoye kuɗin cizo. Gaskiya ne, amma ana shanya ta a rana, a farke ta a sake shiɓar audugar. Soso kuwa in ya lotsa, shi ke nan.

Wanda ya nace sai soso, ko don kayan ɗakin amarya, ya danna da tafin hannu a kasuwar Tawa, ya ɗauki mai nauyi da ke tasowa nan take.