Me ya sa alƙaluman rashin aikin yi suka ragu a Najeriya?

A watan Agustan 2023 ne Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya, wato NBS, ta ba da sanarwar cewa yawan marasa aikin yi a ƙasar kashi 4.1 cikin ɗari ne kacal a watanni uku na farkon shekarar.

Sanarwar ta ba mutane da dama mamaki, domin kuwa alƙaluman da hukumar ta fitar na ƙarshen shekarar 2020 sun nuna kashi 33.3 cikin ɗari, yayin da na matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 ya kai kashi 42.5.

Sai dai ba sababbin masana'antu aka buɗe ba a tsakanin lokacin. Ma'aunin da ake amfani da shi ne aka sauya.

Sabon ma'auni

A da, hukumar ba ta ɗaukar mutum a matsayin mai aiki sai ya yi aƙalla sa'o'i 20 a mako yana aikin.

A sabon tsarin kuwa, wanda ya dace da ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na ko da sa'a guda a cikin kwana bakwai, to mai aiki ne.

Ke nan matashin da ya kammala jami'a amma yake cajin waya a bakin titi, da mai tura ruwa a kura, da ɗan dako a kasuwa, duk sun fita daga sahun marasa aiki.

Zama babu sana'a sai mai hali

Wannan lamari bai tsaya ga Najeriya kaɗai ba. Bisa ƙiyasin ILO, Jamhuriyar Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin marasa aikin yi a duniya, duk da cewa tana cikin mafi talauci.

Dalili shi ne, a irin waɗannan ƙasashe gwamnati ba ta biyan marar aiki alawus kamar yadda ake yi a Turai. Wanda bai fita nema ba, ba zai ci ba, don haka kowa kan kama abin da ya samu, komai ƙanƙantarsa.

Rahoton na NBS ma ya nuna haka: fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna yi ne a harkokin da ba su da rajista, kuma kusan kashi 12 ne kawai ke aikin albashi.

Inda gizo ke saƙar

Dogaro da kai abin yabo ne, amma galibin irin waɗannan sana'o'i na mutum ɗaya ne. Babu fansho, babu inshorar lafiya, kuma rashin lafiya ta mako guda na iya cinye jarin baki ɗaya.

Haka kuma matakin gwamnati kan iya shafar su dare ɗaya, kamar haramta achaɓa a Kano a 2013, da janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya ƙara wa masu aski da walda da ɗinki tsadar tayar da janareta.

Gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirye-shirye irin su N-Power a 2016, da TraderMoni a 2018 wanda a lokacin ya riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa rancen da ya fara daga naira dubu goma. Sai dai irin wannan jari ba ya isa mai tebur ya buɗe shago, balle ya ɗauki ma'aikaci.

Shi ya sa masana tattalin arziki da dama ke ganin cewa tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce matasa nawa ke da abin yi ba, illa dai nawa ne daga cikinsu abin da suke samu ke isarsu ci da sha, da aure, da tarbiyyar iyali.